Wace a-kori-kura ce ta dace da jan tirelar kwana mai nauyin tan uku?

Matafiyi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna jan kaya da mota, domin ina gab da fitar da kuɗi masu yawa, kuma ba na so in yi sayayyar da zan dawo ina cizon yatsa.

Ni da maiɗakina mun yanke shawarar sayen tirelar kwana, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, mai gadaje da wurin girki da banɗaki da tankin ruwa, wanda iyali ke tafiya da shi su yada zango a inda suka ga dama. Wadda ta kwanta mana a rai tana da tsawon mita 8 da rabi daga ƙugiya zuwa ƙarshenta, kuma tayoyinta huɗu ne a kan aksil biyu. Takardarta ta nuna cewa nauyinta kilo 2,500 ne idan babu komai a ciki, iyakar abin da aka yarda ta kai da kaya kuwa kilo 3,200. Mu biyar ne, ni da ita da yara uku, babbansu yana da shekara 14. Tafiye-tafiyen da muke shirin yi ba za su wuce biyar ko shida a shekara ba, amma akwai hanyoyin duwatsu masu dogon hawa da gangara a cikinsu. Sauran kwanakin shekara da wannan motar zan riƙa zuwa aiki ina kai yara makaranta, saboda ba ni da halin riƙe mota biyu.

Motoci uku na duba. Ta farko matsakaiciya ce mai shan dizal, ajin su Toyota Hilux da Ford Ranger, kuma dillalin ya ce tana jan kilo 3,500, saboda haka a lissafinsa ina da rarar kilo 300 ko da na cika tirelar maƙil. Ta biyu babba ce mai shan fetur, ajin su Ford F-150 da Ram 1500 da Chevrolet Silverado 1500, ta hannu ce amma tana da kyau, da kujerun fata da rufin gilashi, mai ita ya ce tana jan fiye da tan 5. Ta uku ita ce ta sama da wannan, ajin su F-250 da Ram 2500, wadda gaskiya girmanta ya ba ni tsoro idan na tuna cunkoson gari da wurin ajiye mota.

Tambayata ita ce, shin ta farkon za ta wadatar kamar yadda dillali ya faɗa, ko kuwa akwai abin da bai gaya mini ba? Idan kuma ta biyun ce mafita, me ya kamata in duba a jikinta kafin in biya?

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi kyan kai da ka tambaya kafin ka biya, domin mafi yawan mutane sai sun ga bayan motarsu ya durƙusa fitilun gaba suna haska sama kafin su fara wannan tambaya.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba, amma adadi ɗaya ya ba ka daga cikin guda biyar, kuma wanda ya ba ka ɗin shi ne mafi ƙarancin amfani a wurinka. Ƙarfin ja da ake bugawa a talla ana samunsa ne da motar da kusan babu komai a cikinta. A ƙa'idar gwaji ta J2807, wadda ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta tsara kuma manyan kamfanonin Amurka suka koma binta wajen shekarar 2015, ana ɗauka cewa mutum biyu ne kawai a motar, direba da fasinja, kowannensu kilo 68. Ba a sa yara uku ba, ba a sa janareta ko kekuna a bodi ba. Kowane kilo da ka ƙara a motar yana cin wani abu daga wannan adadi na talla.

Abin da ke fara ƙarewa a yawancin a-kori-kura shi ne ƙarfin ɗauka, wato nauyin da motar kanta za ta iya goyawa a kan tayoyinta huɗu. Mutane kan ɗauka cewa tunda tirela tana da tayoyinta, ita ke ɗauke da duk nauyinta. Ba haka ba ne. Wani kaso na nauyinta yana sauka a kan ƙugiyar mota ta wuyan tirelar, kuma a irin wannan tirela mai tsayi ana so kason ya kasance tsakanin kashi 10 da 15 cikin ɗari. Idan ya yi ƙasa da haka tirelar tana saurin yin tangaɗi a kan hanya, idan ya yi yawa kuma ya danne bayan mota. Wannan nauyin wuya ana lissafa shi ne daidai da buhunan da ka loda a bodi, tare da nauyinka da na iyalinka da na ita ƙugiyar kanta.

Saboda haka ka koma wurin motocin nan uku, ka buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka za ka ga wata takarda mai launin rawaya da fari da ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya na wannan motar ita kaɗai, da lambar jikinta, ba na ajinta gaba ɗaya ba. Idan motar ba ta da irin wannan takarda, ka nemi iyakar nauyin motar da kaya, wanda ake rubutawa da haruffan GVWR ko GVM, ka cire nauyinta na asali daga ciki. Sannan ka rubuto mana wasu abubuwa uku daga littafin motar: iyakar jimillar nauyin mota da tirela a haɗe, iyakar abin da aksil na baya ke ɗauka, da iyakar abin da aka yarda ya danna ƙugiya. Ka kuma faɗa mana tsakani da Allah abin da za ka zuba a bodi. Ba a fafe gora ranar tafiya, a nan ne za mu yi lissafin tun kana zaune a gida.

Matafiyi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba. Na koma jiya da yamma da takarda da biro, kuma abin da na gani ya ba ni mamaki.

Matsakaiciyar tana da nauyin kilo 2,150 ita kaɗai, iyakarta da kaya 3,100, wato tana ɗaukar 950. Jimillar mota da tirela ba za ta wuce 5,900 ba, ƙugiyarta kuma 350 aka rubuta. Babbar mai kujerun fata, wadda na zaci ta fi ƙarfin komai, takardar ƙofarta ta ce kilo 690 kacal, har sai da na goge ƙurar da ke kai na sake karantawa. Ta ukun mai shan fetur ce, takardarta ta ce 1,450.

Mu biyar idan aka haɗa mu za mu kai kilo 280. Ina so in sa wa bodin murfi saboda ruwan sama, an ce mini yana kai kilo 80. Janareta da kekunan yara uku da akwatin kayan aiki za su kai 130. A cikin tirelar kuma akwai tankin ruwa mai cin lita 200, da tukwanen gas biyu, da batir, da kayan sawa da na girki.

Tsohon Direba ya sake amsawa:

Madalla, yanzu muna da abin yin magana a kai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankinka kaɗai kilo 200 ne. Gas da batir da kayan mutum biyar da wuya su gaza kilo 400, musamman da yake nauyin da kamfani ke kira na tirela babu komai sau da yawa bai haɗa da batir da tukwanen gas ba. Mu ɗauka za ta kai 3,100 a ranar tafiya. Kashi 12 cikin ɗari na wannan ya kama kilo 370 a kan ƙugiya. Ka haɗa da 280 na iyali, da 80 na murfi, da 130 na kayan bodi, da kimanin 40 na ƙugiya mai rarraba nauyi wadda za ka buƙata, ka sami 900.

Mai kujerun fata ta faɗi tun a nan, ta wuce iyakarta da kilo 210 tun ba ku sa ko gorar ruwa a hannu ba. Dalili shi ne kowane abin jin daɗi da aka ƙara mata, rufin gilashi da kujeru masu lantarki da manyan tayoyi da matakalar gefe, nauyi ne da aka zaftare daga abin da za ta ɗauka. A wannan ajin akwai waɗanda ba su da ƙawa sosai, takardarsu tana kaiwa kusan tan guda ko fiye, saboda haka ajin bai faɗi ba, wannan motar ce ta faɗi.

Matsakaiciyar ta tsallake da kilo 50 a ɗauka, kuma a jimilla kuna 5,780 cikin 5,900. Sai dai ƙugiyarta 350 ce, kai kuma kana buƙatar 370, kuma ba na ba ka shawarar ka tura kaya bayan tirela don ka rage wannan adadi, domin wannan ita ce hanyar da ake gayyato tangaɗi. Akwai kuma abin da ba ya fitowa a takarda. Ƙugiya tana can bayan tayoyin baya da fiye da mita guda, saboda haka tana aiki ne kamar sandar ɓanɓare dutse. A motar da tazarar tayoyinta na gaba da na baya take mita 3.1, ƙugiya kuma tana mita 1.3 a bayan aksil, kilo 370 a ƙugiya zai zama kusan 525 a kan tayoyin baya, ya kuma ɗage kusan 155 daga tayoyin gaba. Tayoyin gaban nan kuwa su ne sitiyarinka, kuma su ke yin mafi yawan aikin birki. Ƙugiya mai rarraba nauyi, mai sandunan ƙarfe biyu da ake ɗaurewa a jikin wuyan tirela, tana mayar da wani kaso zuwa gaba, amma ba ta ƙara wa mota ko kilo ɗaya a iyakarta, kuma ba kowane kamfani ne ya yarda a sa wa motarsa ita ba, sai ka duba littafi.

A ganina, mota mai kilo 2,680 da mutane a ciki tana jan akwati mai kilo 3,100 da tsawon mita 8 da rabi, tana bakin iyakarta ta kowace fuska, ba abin da zan sa 'ya'yana a ciki ba ne a hanyar duwatsu.

Bakanike ya amsa:

Sallama gare ku. Lissafin Baba daidai ne, ba ni da abin cirewa. Zan yi magana ne a kan abin da ke zuwa mana gareji bayan an dawo daga tafiya, domin motar da ta ci jarrabawar nauyi tana iya faɗuwa a jarrabawar zafi.

Abin da ja ke kashewa da wuri shi ne akwatin giya mai canja kansa. A dogon hawa man giyar yana ɗaukar zafi sosai, kuma idan ya ƙone sai ka ga ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙauri maimakon ja mai haske da aka san shi da shi. Idan za ka sayi mota ta hannu, Malam, ka sa a duba wannan man a gabanka, ka shinshina da hancinka. Ka kuma tabbatar motar ta fito daga kamfani da kayan ja, wato ƙarin na'urar sanyaya man giya, da babban lagireto, da soket mai ƙafa bakwai na wutar tirela, da maɓallin da ke sa giya ta daɗe ba ta hau sama ba idan ana ja. Motoci biyu masu suna ɗaya da inji ɗaya suna iya bambanta da tan guda ko fiye a ƙarfin ja saboda waɗannan kaya da kuma lissafin haƙoran aksil na baya. Mai 3.73 ta fi mai 3.31 ƙarfin tashi da kaya, ko da yake ta fi ta shan mai idan babu kaya.

Gwajin da Baba ya ambata yana da wani sashe da ya shafe ka kai tsaye. Ana auna motar da hawan da ke kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, kimanin kilomita 18 ana hawa har a tashi kusan mita 900, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a ƙarshen ƙarfinta, kuma ba a yarda gudun ya sauka ƙasa da kilomita 64 a awa ba. Wannan gwaji ne mai kyau, amma sabuwar mota ake yi wa shi. Motar da ta shekara takwas, lagiretonta ya fara toshewa, ba za ta maimaita shi ba sai an kula da ita.

Game da dizal da fetur, kada ka ɗauka dizal ne kaɗai ke ja. Dizal yana da ƙarfi tun injin bai ɗaga murya ba, yana rage shan mai idan ana ja, kuma manyan suna da birkin salansa da ke riƙe mota a gangara ba tare da ka taka birki ba. Amma a ajin F-250 injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan kilo, kuma daga ƙarfin ɗaukarka ake cire su. Sabbin injinan dizal kuma suna da matatar hayaƙi da ke buƙatar doguwar tafiya don ta ƙone tokar da ta tara, wanda ke nufin gajeren zuwa aiki da kai yara makaranta kullum ba ya yi mata daɗi. Tafiya shida a shekara da tirela mai tan 3 ba ta wajabta maka dizal ba. Abin da za ka lura da shi a duwatsu shi ne injin da ba shi da tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska tana raguwa, mai tabo kuwa ba ya rasa kamar haka.

Sai taya. Da yawa daga cikin manyan a-kori-kura masu ƙawa suna zuwa da tayar ƙaramar mota mai laushin gefe, saboda a ji daɗin zama. Idan ka ɗaura tirela sai ka ji bayan motar yana lanƙwasa kamar ana tafiya a kan katifa. Tayar da aka rubuta LT a gabanta ta fi taurin gefe, ta fi riƙe hanya da kaya. Kada kuma wani ya ce maka idan ka ƙara sifirin ko balan-balan na iska a baya matsalar nauyi ta ƙare. Zai ɗaga bayan motar ta daidaita a ido, amma aksil da birki da shasi suna nan yadda aka ƙera su.

Uwar Tafiya ta amsa:

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ni ba ni da ilimin inji, amma na zauna a kujerar gaba ranar da tirela ta fi ƙarfin motarmu, kuma ina so ka ji yadda abin yake kafin ka yanke shawara.

Shekarunmu na farko da matsakaiciyar mota muke jan tirela mai kusan tsawon taka. A takarda komai yana cikin iyaka. Wata rana muna saukowa daga wata doguwar gangara, gudunmu bai kai 90 ba, sai wata babbar motar kaya ta zo wucewa ta gefenmu. Da farko na ji kamar an tura mu gefe, sannan kamar an zuƙo mu zuwa jikinta. Da na dubi madubi sai na ga gefen tirelar gaba ɗaya, har rubutun da ke jikinta ina iya karantawa, sannan ta ɓace ta bayyana a madubin maigidana. Kowane lilo ya fi na baya faɗi. Kofin shayin da ke tsakaninmu ya kife, ƙaramar 'yarmu ta farka tana kuka, ni kuma ina ta salati. Maigidana bai taka birkin mota ba, bai kuma yi kokawa da sitiyari ba. Ya ɗage ƙafarsa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya sa hannu ya matse ɗan maɓallin birkin tirela da ke kusa da gwiwarsa. Sai muka ji an ja mu ta baya, tirelar ta miƙe kamar an ja igiya. Da muka tsaya a gefen hanya hannunsa na rawa har ya kasa buɗe ƙofa.

Da muka bincika sai muka gane cewa da safen nan mun ɗaura kekuna a bayan tirelar, tankin ruwan da ke bayan tayoyinta kuma a cike yake, wuyanta ya yi sauƙi ke nan. Laifin lodinmu ne, ban musa ba. Amma bayan mun koma mota mai doguwar tazara tsakanin tayoyin gaba da na baya, da tirelar nan dai, manyan motoci suna wuce mu ba ma jin komai sai ɗan motsi. Hilux tana da tazarar mita 3.085, Ranger ta yanzu 3.27, F-150 mai ƙofa huɗu kuwa tana da kusan 3.7 ko kusan 4, gwargwadon tsawon bodinta. Wannan bambancin na kusan rabin mita ko fiye shi ne ke hana tirela juya mota yadda ta so, kuma tirelar kwana doguwar katanga ce da iska ke kamawa, ba kamar tirelar da aka ɗora wa kwalekwale ba ko da nauyinsu ɗaya.

Duk motar da ka saya, kada ka fita ba tare da na'urar sarrafa birkin tirela ba, kuma ka gwada maɓallin nan a fili har hannunka ya san wurinsa ba tare da ka duba ba. Ita ma maiɗakinka ta koya, domin wata rana ita ce za ta kasance a sitiyari. Ka sa madubin gefe masu miƙewa, ka zuba kaya masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyin tirelar ko kaɗan gaba da su.

Mai Ƙaramin Zango ya amsa:

Ina girmama duk abin da aka faɗa, amma ina ganin an karkata ga ƙara girman mota alhali akwai wata ƙofa a buɗe. Malam bai sayi tirelar ba tukuna. Kwana nawa zai yi yana ja a shekara? Wataƙila 20 ko 30. Sauran kwana 330 zai riƙa tuƙa motar da ta kai mita 6 ko fiye a cikin gari, mai taurin sifirin da ke jijjiga mutum idan bodi ba kaya, mai shan mai ko ana ja ko ba a ja. Wannan ma nauyi ne, kuma kullum za a ɗauke shi.

Ni da matsakaiciya nake ja, tirelata tana da mita 6 da rabi, ba ta wuce kilo 2,000 da kaya, kuma mu ma biyar ne, yaran suna kwana a gadaje masu hawa. Wuyanta bai kai 250 ba, ina da rara ta kowace fuska, kuma ina shiga wuraren zangon da dogayen tireloli ba sa iya juyawa. A ƙasashen Turai da ƙananan motoci ake jan irin waɗannan ɗakuna, sai dai tirelolinsu sun fi sauƙi, kuma doka ta rage musu gudu, kamar a Jamus inda iyakar mai jan tirela kilomita 80 ce a awa sai wanda ya sami izini na musamman ya kai 100. Ka kuma duba lasisinka, domin a Tarayyar Turai lasisin ƙaramar mota ba ya isa idan tirela ta haura kilo 750 kuma jimillarta da mota ta wuce 3,500, kowace ƙasa kuma da nata tsarin.

Matafiyi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun zauna da maiɗakina mun karanta komai, labarin Hajiya Uwar Tafiya ma sau biyu ta karanta shi. Mun cire mai kujerun fata daga lissafi, mun kuma amince cewa ba za mu haɗa matsakaiciya da wannan doguwar tirela ba. Abin da ya rage shi ne ko dai mu nemi ƙaramar tirela kamar yadda ɗan'uwa ya ba da shawara, ko mu nemi babbar mota marar ƙawa mai doguwar tazara wadda takardar ƙofarta ta haura tan guda. A ƙarshen mako za mu kai yaran su ga ƙananan, su kwanta a gadajen mu ga ko babban zai iya miƙe ƙafa. Tambayata ta ƙarshe ita ce, idan na haɗa mota da tirela, ta yaya zan tabbatar da nauyin gaske maimakon kintace?

Tsohon Direba ya amsa:

Ka nemi sikelin da ake auna manyan motocin kaya, ka je da lodinka na ranar tafiya, tankin mai a cike, ruwa a tanki, iyali a kujerunsu. Awo uku za ka yi. Na farko mota da tirela a haɗe, sandunan rarraba nauyi a ɗaure, ka karɓi nauyin tayoyin gaba daban, na baya daban, na tirela daban. Na biyu ka kwance sandunan ka sake hawa. Na uku ka ajiye tirelar a gefe ka auna motar ita kaɗai.

Idan ka cire nauyin motar a awo na uku daga nauyin aksil ɗinta biyu a awo na biyu, abin da ya rage shi ne nauyin wuya na gaske. Ka haɗa shi da abin da tayoyin tirelar suka nuna a awo na biyun, ka sami cikakken nauyinta, sannan ka duba ko wuyan ya faɗa tsakanin kashi 10 da 15. Awo na farko kuma shi za ka gwada da iyakokin da ke jikin ƙofa, aksil na baya musamman, ka kuma duba ko tayoyin gaba sun dawo kusa da nauyin da suke da shi a awo na uku. Idan ba su dawo ba, ka ƙara ɗaure sandunan da mataki ɗaya ka sake hawa sikelin. Ka rubuto mana abin da ka samu, Malam, za mu duba tare.